Makarantar da Aka Zaɓar wa Kurciya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya hannun nan naki da ruwan wankin asibiti? Mu nan lafiya lau. Inna gwiwa ce dai ta matsa mata, in za ta tashi sai ta dafa bango, amma baki bai mutu ba, jiya ma wuni ta yi tana faɗa da mai kawo ruwa. Ta ce in gaya miki zanen da kika aiko ta adana shi, wai ya fi ƙarfin zaman gida. Ɗiyarki Kurciya ma lafiya, ta yi tsawo, ta kawo min kafaɗa.

Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce. 'Yan mintocin nan na ranar Lahadi, kafin Inna ta gama jero miki ciwukanta sun ƙare. Zan ba direban motar safe kamar kullum.

Kurciya ta ci jarrabawar shiga sakandare, ta kuma ci da kyau, malaminsu har shago ya zo ya gaya min. An ba mu fom daga ofishin ilimi mai layi uku, iyaye su rubuta makarantun da suke so bi da bi, su sa hannu, a mayar kafin ƙarshen wata. Ma'aikacin ya ce ni ma zan iya sa hannu tunda a hannuna take. Na ce a'a, tana da uwa. Ga shi nan na naɗe shi a leda kada ya jiƙe.

Makarantu biyu ake magana. Akwai babbar nan ta hayin gada da kowa yake rububi, akwai kuma ƙaramar ta bayan tankin ruwa. Yaya, ni a aji huɗu na tsaya, kin sani. Amma shekara shida ke nan ni da maigidana na shagon kafinta muke gyaran bencinan makarantun garin nan duk hutu. Ba na shiga aji sai babu kowa a ciki, to benci ne yake ba ni labari. A bayan tanki ƙafar benci ce take mutuwa, tsufa ne da ja a ƙasa. A hayin gada kuwa a tsakiya yake tsagewa. Na daɗe ina mamaki, sai wata rana na lura da sawun takalmi a kan katakon. Zama ba ya tsaga benci a tsakiya, tsayuwa ce take yi. Mai gadinsu ya ce min haka tsarin yake, kowace safiya ana karatu a bayyane ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi tuntuɓe sai ya hau benci har a gama darasi. Wai shi ya sa yaransu suka fi na kowa baki.

A bayan tanki fenti ya ɓare, rufin aji ɗaya yana yoyo, ba zan ɓoye miki ba. Amma akwai wata dattijuwar malama mai tabarau, a ajinta yara bibbiyu suke karatu tare, murya ɗaya. Ranar da muka kai musu tebura Kurciya ta raka ni, ta tsaya jikin taga tana kallo har muka gama sauke kaya. Za ki ga ta rubuta sunan makarantar da fensir a layin farko, ƙanana-ƙanana. Ban sa ta ba, ban kuma goge ba.

Kin san harshenta. Ba kowane yaro babbar makaranta take karɓa ba, Yaya. Wani ƙaramin wuri ya fi masa. Amma ke ce uwa, abin da kika ce shi za a yi.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, hannu ne dai ya tsattsage da sabulu. Ga man zafi nan, a riƙa shafa wa Inna safe da yamma.

Na karanta wasiƙarka sau uku a ɗakin guga, a na ukun har na ƙona gefen wani zanen gado. Wato 'yata ce ƙaramin wuri ya fi mata. Da wani ne ya faɗa, da na ce baƙin ciki yake min. To kai ne.

Kana shekara biyar lokacin da na ci wannan jarrabawa, ba za ka tuna ba. Hayin gada aka ba ni. Baba, Allah ya jiƙan sa, ya ce nisa, ya kai ni ta kusa da gida inda malami ɗaya yake riƙe da aji uku. Ba wanda ya tambaye ni. Cikin waɗanda muka zauna jarrabawa tare, ɗaya tana nan asibitin da farar riga, ni nake wanke rigar. In mun haɗu a baranda sai ta hau neman wani abu a jakarta. Ba don Kurciya ta ƙare a ƙarƙashin rufi mai yoyo na baro ta tana 'yar shekara takwas ba.

Maganar harshe kuma, in'inar ƙuruciya ce, ta wuce. Ai ina jin ta duk Lahadi, garau take gaishe ni. Ɗan abin da ya rage, karatun nan a gaban mutane shi zai ƙarasa warware shi. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu me ta sani game da zaɓen makaranta? Ta ga malama ta yi mata fara'a, shi ke nan.

Na cike layin farko da biro, hayin gada. Sauran biyun na ja musu layi. Ka kai gobe. Kai dai ka tsaya kan katakonka, karatun benci ba karatu ba ne. Kada kuma ka riƙe ni a rai, na san tun rasuwar babanta kai ne uba a wurinta.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Mu nan sai godiya. Man ya iso, Inna ta ce ya fi na wancan karon azaba, wato ta yaba.

Yaya, ban ce Kurciya ba ta da kai ba. Ni da take duba min awo in na rikice, ina zan ce haka? Hannuna ne ba ya iya ajiye magana yadda take a raina. Ki yi haƙuri. Zancen Baba kuwa ban taɓa sani ba. Da na tambayi Inna sai ta juya fuska bango, ta ce in rufe mata ƙofa iska tana damun ta.

Na kai fom, an ba ta hayin gada. Kafin in kai na nuna mata. Ta daɗe tana kallon layin farko, fensirinta yana nan ƙarƙashin rubutunki, ana ganin kawunan wasu haruffa. Ta miƙo min, ta je ta hau wanke-wanke.

An ɗinka kayan makaranta, tela ya bar tsawo saboda girma. Ranar farko ni na kai ta, mota biyu muka hau. Gaskiya wurin ya yi kyau, ga fulawa a bakin ƙofa, ga ɗakin gwaje-gwaje mai tagogin gilashi, da kin gani da kin ji daɗi. Na ƙirga layin ajinsu, su saba'in da huɗu ne. Na yi mata ɗan akwatin fensira da ragowar katako, na goge shi sumul.

Tana fita da sassafe, tana dawowa da la'asar. Tana cin abinci, tana yin aikin da aka ba ta. In na ce ya makaranta, sai ta gyaɗa kai. Allah ya sa alheri ne.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ina fatan kuna lafiya, don ni ban sani ba. Wata biyu ba wasiƙa. Duk ranar da direban nan ya iso sai na fita bakin ƙofar asibiti da kumfa a hannu, ya buɗe min tafin hannunsa daga nesa. In fushin maganar benci ne, ai na ba ka haƙuri.

Kuma Lahadi uku ke nan ban ji muryar Kurciya ba. Na farko Inna ta ce ta yi barci, na biyu ta ce an aike ta, na uku ta ce tana wanka. Da na ce zan jira, sai ta hau ba ni labarin gwiwa har lokaci ya ƙare. Ni ba yarinya ba ce. In ba ta da lafiya ka gaya min. In kuma kun cusa mata cewa uwarta ce ta raba ta da abin da take so, shi ma ka gaya min.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Jikin kowa lafiya, ki fara kwantar da hankalinki da wannan. Ba fushi nake ba. Sau biyu ina rubutawa ina yagawa. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Makon jiya iska ta ɓalle tagogi a hayin gada, aka kira mu gyara ranar karatu. Na ji daɗi, na ce yau zan ga Kurciya a ajinta. Da aka fita hutun rabin rana na je na yi sallama, na ce wa malamin ni kawunta ne. Ya buɗe rajista, ya bi da yatsa, ya ɗago ya dube ni. Ya ce kwana goma sha takwas rabonta da zuwa, ya ɗauka mun canza mata makaranta.

Wata yarinya a bayana ta kwaikwayi yadda Kurciya take magana, sauran suka kwashe da dariya. Monitarsu ce ta ja ni gefe, ita da ɗan hankali. Ta ce mako biyar cur Kurciya tana hawa benci kowace safiya. In an zo kanta sai ta miƙe da littafin, harafin farko ya maƙale, a jira kaɗan, a ce ta hau. Ta ce daga baya ma ba ta jira a zo kanta, da an fara karatu sai ta ajiye littafinta ta hau da kanta. Na je na duba bencin. Bai tsage ba tukuna, ba ta da nauyi.

Malamin ba mugu ba ne, Yaya, yaro ne kamata, a gajiye yake. Ya ce shi ya ɗauka taurin kai ne, ba wanda ya gaya masa komai. Ya ce a bayan fom akwai wurin da iyaye suke rubuta lalurar yaro, na Kurciya ba komai a ciki.

Washegari ban je shago ba, na bi ta daga nesa. Ta hau motar farko, ta hau ta biyu, ta haye gada, ta wuce makarantar ba ta ko waiwaya ba. Ƙaramin asibitin nan na kusa da kasuwar kayan gini ta shiga, ta zauna a ɗakin jira cikin mutane, ta buɗe littafin lissafi a cinya. A can ba wanda yake tambayar mai jira. Mai shara ta ce min kullum nan take wuni, sun ɗauka mamarta ce ke kwance a ciki. Na je na zauna kusa da ita. Ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba. Mun fi awa ɗaya a haka. Da na tambaye ta me ya sa nan, sai ta rubuta a bayan littafin cewa wurin yana ƙamshin kayanki.

Yanzu ga abin da ya sa nake yaga takarda. In'inar ba ta wuce ba. Tun shekarar da kika tafi ƙaruwa ta yi. Inna ta ce kada a gaya miki, kina can ke kaɗai, ba abin da za ki iya sai damuwa. Ni ma na ga haka ne. To duk ranar Asabar da yamma sai mu zaunar da ita a tsakar gida, ta yi ta maimaita magana uku har su zauna mata kamar waƙa: “Mama ina wuni. Lafiya lau nake. Karatu lafiya.” Ni nake yin muryarki, in kara cokali a kunne kamar waya, har dariya muke yi. In kin yi mata tambayar da ba ta cikin ukun, Inna ta karɓe wayar ta shiga zancen gwiwa. Shekara huɗu haka muke yi. Yanzu ko ukun ba sa fita, shi ya sa ba a ba ki ita.

Da na rubuta miki “kin san harshenta”, na san ba ki sani ba. Na so benci ya faɗa miki abin da ni na kasa faɗa. Kin zaɓi makaranta ne don yarinyar da muka nuna miki ranar Lahadi, ita kuwa babu ita. Inna tun jiya ba ta ci abinci ba, ta ce kada in ɗora mata laifin ita kaɗai, ta kuma ce kada in ɗauka ni kaɗai.

Kurciya tana gida. Ban tilasta mata komawa ba, ban kuma yanke komai ba. Canjin makaranta sai da sa hannun wanda ya cike fom na farko.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na karanta a zaune kamar yadda ka ce, a kan kwandon zannuwa. Ban san lokacin da injin wanki ya gama ba, sai da shugabarmu ta zo ta kashe shi.

Shekara huɗu. Ina ajiye wayar nan in koma bakin aiki ina gaya wa abokan aikina 'yata ta warke. Har sadaka na yi. Ashe da kai da cokali nake magana. Ba zan ce maka na yafe ba yau, don ƙarya zan yi, kuma ƙaryar da aka yi a gidan nan ta isa. Ka ce wa Inna ta ci abinci.

Amma ni ma na ga fensirin. Na gan shi sarai. Danna biro na yi da ƙarfi don ya rufe, har ya kusa huda takardar. Ina rubutawa ina jin kamar da Baba nake gardama, ban tuna da ita ba sam. Ni da nake kukan ba a tambaye ni ba.

Ga farar takarda nan na sa hannu a ƙasa, ga kuma kwafin katin shaidata. Saman na bar shi fili. Ka tambaye ta inda take so, abin da ta ce shi za ka rubuta. In bayan tanki ne, ka je yau, kada ka jira ni kuma. An ba ni hutun kwana biyar ƙarshen wata, zan biyo motar safe.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin hali? Inna ta ci abinci, kaɗan dai. Ta sa zanen nan da kika aiko, ta ce gara ki same shi a jikinta.

Takardarki ta iso, ranar na je ofishin ilimi. Ma'aikacin ya ce makonni shida na farko ne ake canji, mu kuwa muna na goma sha ɗaya. Na tsaya har aka tashi, ya ga ba ni da niyyar tafiya, ya ce in shugaban bayan tanki ya yarda shi ba zai hana ba.

Na je bayan tanki. Shugaban ya karɓe ni da mutunci, ya kai ni ajin da kansa ya ce in ƙirga. Benci na mutum uku, su huɗu-huɗu ne a kai. Na ce ni kafinta ne, zan yi wa Kurciya kujerarta in kawo, har da tebur. Ya yi murmushi ya ce ba katako ne ya ƙare musu ba, layi ne a rajista, kuma ba shi yake ƙara shi ba. Ya rubuta sunanta cikin masu jira, ita ce ta goma sha huɗu. Ya ce baɗi tana da hanya, amma daga ajin farko za ta sake farawa.

Na ga malama mai tabarau a baranda. Ta tuna Kurciya, ta ce ai yarinyar taga. Ta ce ta duba sunayen sababbin ɗalibai a farkon shekara ba ta san wane suna za ta nema ba. Sai ta gaya min ƙarshen shekarar nan za ta ajiye aiki, idonta ya yi rauni. Wannan ban gaya wa Kurciya ba tukuna. Na tsaya a ƙofar gida ina tunanin ko in ɓoye, sai na tuna inda ɓoyo ya kai mu. Zan gaya mata, amma na fi so kina zaune a wurin.

Malamin hayin gada ma ya aiko. Ya ce a dawo da Kurciya, ba zai ƙara kiran ta karatu ba, kuma ya yi wa shugabarsu maganar hawa benci, ta ce za a duba. Da na faɗa wa Kurciya sai ta miƙe ta shige ɗaki.

Na tambaye ta kamar yadda kika ce. Na ajiye takardarki a gabanta, na nuna mata sa hannunki da filin da kika bar mata, na ba ta fensir. Kwana biyu takardar tana kan tabarma. A na uku na same ta a cikin akwatin kayan aikina, ba a filin ta rubuta ba, a can gefe: “Ban sani ba yanzu.” Ban matsa mata ba. Da safe tana biyo ni shago, ta zauna bayan tarin filanki da littattafanta. Maigidana mutum ne mai surutu, amma ya hana kowa yi mata tambaya, har masu kawo aiki.

Asabar da yamma ta ɗauko cokalin ta miƙo min, tana duban ƙasa. Na ce mun daina. Na ce Mama ta san komai, kuma tana zuwa. Ta tsaya da shi a hannu, sannan ta mayar cikin kwando.

Za mu zo tasha ni da ita mu tarye ki. Ki shirya, ta rame, kuma ba za ta rugo ba. In kin sauko za ta so ta gaishe ki da bakinta, na ga tana gwadawa ita kaɗai a bayan shago. Zai ɗauki lokaci, Yaya, fiye da yadda kike zato. Leɓenta zai yi rawa, za ta runtse ido, 'yan dako za su ce ku ba su hanya, mutane za su tsaya kallo. Za ki gane abin da take son faɗa tun daga harafin farko. Don Allah kada ki ƙarasa mata. Ki ajiye jakar a ƙasa, ni zan ɗauka.

Ƙaninki,
Auta